Surame: Birnin Dutse na Kanta da Abubuwan Gani a Hanyarsa

Duk wanda ya saba hawa motar Sakkwato daga Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa: Ilorin, gadar Jebba, Mokwa, Makera, Kaboji, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, sai Sakkwato. Ta nan shanu da albasa da busasshen kifi ke gangarowa Kudu, ta nan kuma goro da manja ke haurawa. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba shi ne, a ƙarshen wannan hanya, yamma da birnin Sakkwato, akwai kufan wani birni da aka gina ganuwarsa da dutse kimanin shekara 500 da suka wuce. Sunansa Surame.

Yaranmu da aka haifa a Kudu, makaranta kan kwashe su zuwa Dutsen Olumo a Abeokuta, ko Badagry, ko ganuwar Benin. Wannan abu ne mai kyau. To amma in abokin karatu ya tambaye su, "Ku fa, me kakanninku suka gina?" sau da yawa sai su yi shiru, ko su ce ganuwar Kano su tsaya nan. Wannan bayani na iyaye ne da matasa masu son sanin amsar, da kuma wanda ke tunanin ratsewa ya gani da idonsa in ya je gida.

A taƙaice

Surame tana cikin ƙaramar hukumar Binji a Jihar Sakkwato, kusa da fadamar Gulbin Rima, wanda a wannan yanki ake kira Gulbin Kabi. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, shi ya gina ta a ƙarni na 16, ta zama hedikwatarsa. An watse daga cikinta a farkon ƙarni na 18. Gwamnatin Tarayya ta sa ta cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, sannan a 2007 Najeriya ta miƙa sunanta ga UNESCO a jerin wuraren da ke jiran a amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke da alhakin wurin a doka.

Wani abu da kan rikita mutane: Surame na Jihar Sakkwato, amma magadan Kanta suna Argungu a Jihar Kebbi. Dalili kuwa shi ne sai a 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, iyaka ta bar tsohon birnin a ɗaya ɓangaren.

Wane ne Kanta?

Labarinsa kashi biyu ne: akwai na baka, akwai na takarda.

Na baka, wanda Kabawa ke bayarwa, ya ce mahaifiyarsa 'yar sarautar Katsina ce, ya taso cikin makiyaya, ya yi suna wajen ƙarfi da dambe da kokawa har ba mai iya karawa da shi. Da ya ga ba shi da rabo a sarautar gida, sai ya yi yamma da magoya bayansa, ya zauna a ƙasar fadama, mutane suka yi ta taruwa gare shi.

Na takarda kuma yana cikin Tarikh al-Sudan, littafin da Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a ƙasar Tambutu a ƙarni na 17. Littafin ya nuna cewa Kanta, mai mulkin Leka, ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas. Da aka dawo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima, Kanta ya ga an hana shi haƙƙinsa, ya yi tawaye wajen 1516. Songhai a lokacin ita ce daula mafi ƙarfi a Afirka ta Yamma, amma rundunar da aka aika masa ba ta ci nasara ba. Bayan wasu shekaru wani Askiyan, Muhammadu Bankan, ya sake gwadawa, shi ma ya sha kashi. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta, ta zama katanga tsakanin Songhai da sauran ƙasar Hausa, har ta riƙa karɓar gaisuwa daga maƙwabta.

Ta gabas ma bai tsira ba. Sarkin Barno ya kawo masa yaƙi har gindin ganuwar Surame. Kabawa suna da labari a kan wannan: wai da mutanen Kanta suka ƙaranta, sai ya sa aka jera gawawwakin mayaƙansa a kan ganuwa, aka tsaga bakunansu, Barebari suka hango kamar dakaru na yi musu dariya, suka karaya suka janye. Kanta ya bi su har wajen Nguru. A hanyar dawowa ne aka harbe shi da kibiya mai dafi a ƙasar Katsina, ya rasu, aka ɗauko gawarsa zuwa gida. Masana tarihi sun rabu a kan shekarar, wasu sun ce 1556, wasu 1561.

Yadda aka gina birnin

Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen Hausa shi ne kayan ginin. Ganuwar Kano, da ta Zariya, da ta Katsina, duk da ƙasa aka yi su, shi ya sa ruwan sama ke cinye su shekara-shekara in ba a yi yaɓe ba. A Surame dutse aka jera, irin jan dutsen marmara da ke yankin, sahu bisa sahu, aka haɗa da ƙasa. Ganuwar ta zagaye fili mai faɗin gaske, tsawonta kilomita da dama ne, kuma ba ɗaya ba ce: akwai ta waje, akwai ta ciki, kowace da ƙofofinta. An kuma haƙa gwalalo a bayanta don doki ya kasa kusantowa. Fadama da gulbi su ma sun yi nasu aikin, don da damina ruwa kan malale ya tare hanya.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mutane masu ɗimbin yawa, kuma labaran baka sun riƙe wannan. An ce Kanta ya raba wa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa aikin, kowa da yankinsa na ganuwa. Azbinawa, wai, an sa su ɗauko ruwan kwaɓin ƙasa tun daga ƙasarsu a kan raƙuma. Nufawa kuma, da suka makara, aka ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya a maimakon ruwa. Ko haka aka yi ko an ƙara gishiri, saƙon labarin a fili yake: ikon Kanta ya kai arewa har bakin Sahara, ya kai kudu har gaɓar Kwara. Haka nan ana ba da labarin wani babban jirgin ruwa da ya sa aka yi masa, aka lulluɓe shi da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa da shi lokacin da fadama ta cika.

Surame ba ita kaɗai ba ce. Akwai Gungu a kusa da ita, akwai Leka, su ukun su ne manyan biranen Kabi a zamanin ƙarfinta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya ambaci kufan waɗannan birane, ya nuna cewa girmansu ya wuce na duk wani kufai da suka gani a ƙasashen nan, alhali a lokacin an yi kusan shekara 100 da rushewarsu. Ku lura fa, Kabi abokiyar gabar Sakkwato ce a lokacin da ya rubuta haka.

Yadda birnin ya mutu

Bayan Kanta, Kabi ta yi fiye da shekara 100 tana da ƙarfi, sannan ta fara raguwa. Azbinawa suka ƙwace mata ƙasar Adar, Zamfara ta taso, Gobir ta taso. A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 waɗannan uku suka yi mata taron dangi, aka ci Surame da Gungu da Leka. Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu maso yamma ya kafa Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi na yau.

Nan ma ba a dawwama ba. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Gidan sarautar ya ci gaba da gwagwarmaya, daga baya ya kafu a Argungu. Yakubu Nabame ya sake tayar da tutar Kabi a 1849, kuma Argungu ta riƙe 'yancinta har zuwan Turawa. Shi ya sa har gobe sarautar Sarkin Argungu ita ce Sarkin Kabi. Wanda ke kan gadon yanzu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, ya hau a 1996.

Abin da mai ziyara zai tarar

Gaskiya ɗaya ce, kada kowa ya tafi da tunanin zai ga gini mai rufi da fenti, ko wurin sayen tikiti da kanti. Surame kufai ce a cikin daji. Abin da ke nan shi ne dogayen layukan ganuwa, wani wuri a tsaye, wani wuri ya zube ya zama tsibin duwatsu, da gurabun ƙofofi, da alamun gwalalo, da wuraren da mutanen yankin ke nunawa a matsayin fada da makwancin Kanta. Itatuwa sun tsiro a jikin ginin, saiwoyinsu na tsaga shi, dabbobi na kiwo a ciki. Wanda ya je ba tare da ɗan jagora ba zai iya wuce muhimmin wuri bai san ya wuce ba.

Amma wanda ya tsaya a gindin bangon da bai faɗi ba, ya dubi yadda aka daidaita duwatsun, ya tuna ba tirela ba katafila a lokacin, zai gane abin da ya sa Bello ya yi mamaki. Wuraren da ake kwatanta Surame da su a Afirka sanannu ne: kufan Zimbabuwe, wanda UNESCO ta amince da shi a 1986, kuma daga gare shi ƙasar ta samo sunanta, da Loropeni a Burkina Faso da aka amince da shi a 2009. A Najeriya, Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga a 1999, dajin Osun na Osogbo ya shiga a 2005. Surame tana layin jira tun 2007.

Hanya daga Kudu

Mai tasowa daga Legas, Badun, Abeokuta ko Shagamu, hanyarsa ita ce wadda muka lissafa a sama. Mai tasowa daga Anacha, Aba, Owerri ko Fatakwal zai bi ta Lokoja da Abuja, daga nan ko dai ya bi Minna da Tegina ya faɗo Kontagora, ko ya bi Kaduna, Zariya, Funtuwa da Gusau. Mai hali kuma akwai filin jirgin sama a Sakkwato, akwai a Birnin Kebbi.

A Jega hanya ta rabu biyu. Ta dama tana bi ta Aliero, garin albasa, da Tambuwal, ta shiga Sakkwato kai tsaye. Ta hagu tana bi ta Kalgo, Birnin Kebbi da Argungu kafin Sakkwato. Ga mai neman tarihin Kanta, ta hagun ta fi, don ta nan zai bi sawun Kabawa da baya-baya: birni na biyu, birni na uku, sannan ya kwana a Sakkwato ya shirya zuwa na farko.

Abubuwan gani a hanya

Kaboji da Kontagora. Kaboji tana ƙaramar hukumar Mashegu, cikin masarautar Kontagora, kudu da birnin. Masu tasowa daga Mokwa kan ratsa ta kafin su shiga Kontagora. Ita Kontagora, Umaru Nagwamatse ne ya kafa ta wajen 1864, shi kuwa ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu, kuma sarautar garin ita ce Sarkin Sudan. Wato tun daga nan matafiyi ya fara taka ƙasar da tarihinta ke ɗaure da Sakkwato. Nan ne kuma wurin da ya dace a tsaya a ci abinci, a yi salla, a tambayi direbobin da suka fito daga arewa halin da hanya ke ciki. Dajin Zugurma, wanda ɓangare ne na gandun dajin Kainji, yana wannan yanki, amma ba wurin shiga ba ne a halin tsaron da ake ciki.

Yawuri. Gari ne na bakin Kwara, a saman tafkin da madatsar Kainji ta tara bayan kammala ta a 1968. Kasuwar kifinsa sananniya ce ga duk mai sana'ar kifi a Kudu. Yawuri da Kabi duk suna cikin jerin da ake kira Banza Bakwai, tare da Zamfara, Nupe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Ta wannan yanki ne fataken goro suka riƙa ƙetare Kwara zuwa Gwanja tun kafin a yi titin mota. Masarautar tana da bikin tseren jiragen ruwa da ake kira Rigata.

Gwandu. Nan ne hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, wanda ya ci Birnin Kabi. Ratse ne kaɗan daga babbar hanya.

Argungu. In lokaci bai isa a ga komai ba, to a ga wannan. Gidan Tarihi na Kanta tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, an zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A ciki akwai makaman yaƙi, masu da takubba da kwari da baka, akwai tambura, da kayan su, da kayan sarauta, kuma a harabar ne ake binne sarakunan Argungu. Ba nisa da nan akwai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin a tsarinsa na yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin gidajen biyu. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Yawanci a watan Fabrairu ko Maris ake yi, amma ba kowace shekara ake samun yi ba, saboda haka a tabbatar kafin a ɗaura niyya.

Sakkwato. Akwai Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da fadar Sarkin Musulmi, da gidan tarihi na Waziri Junaidu inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi. Hubbaren Muhammadu Bello kuma yana Wurno.

Lokacin da ya dace

Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Ciyawa ta bushe, ana ganin ganuwa sosai, hunturu ya sassauta zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma ziyarar Surame tafiyar ƙafa ce a fili. Da damina kuwa ciyawa kan rufe duwatsun, ga macizai, ga hanyar ƙauye da kan yanke. A tashi da sassafe, a dawo kafin la'asar. A tafi da ruwan sha isasshe, da takalmi rufaffe, da hula ko mayafi, da mota mai tsayin ƙafa.

Maganar tsaro

Wannan ita ce babba, kuma ba za mu ɓoye ta ba. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta ƙasa ta bayyana ɓullar ƙungiyar Lakurawa a sassan Sakkwato da Kebbi, kuma Binji da Silame da Tangaza da Gudu suna cikin wuraren da aka riƙa ambata. A watan ne kuma aka kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. Yankin Kontagora shi ma ya sha fama da 'yan bindiga, haka hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Saboda haka kada wanda ya ɗauki mota daga Sakkwato ya nufi Surame da kansa don ya karanta wannan. A fara zuwa ofishin hukumar gidajen tarihi da ke Sakkwato a yi tambaya. A nemi wani ɗan yankin da aka yarda da shi ya tuntuɓi masu gari. In aka ce a dakata, a dakata. Ba a tafiyar dare, ba a kwana a can, ba a sanar da ranar tafiya a Facebook ko WhatsApp. Ganuwar da ta yi shekara 500 za ta jira wata shekara, rai kuwa ba shi da na biyu. Wanda bai samu shiga ba, Argungu da Sakkwato sun ishe shi riba a wannan zuwan.

Ladubban wurin

In Allah ya sa an samu shiga, a fara da gaisuwa wurin mai gari, a karɓi ɗan jagoran da ya bayar, a kuma sallame shi da abin kirki, don wannan ne ke sa mutanen wurin su ga amfanin tsare kufan. Kada a hau bangon, kada a rubuta suna a jikinsa, kada a ɗauki dutse ko kasko a ce tsaraba. Doka ta hana, kuma bango irin wannan dutse ɗaya in ya fita, na samansa ne ke biyo shi. Wurin da aka ce makwanci ne a girmama shi kamar kowace maƙabarta. Kafin a ɗauki hoton mutum a nemi izininsa.

Abin da ya rage gare mu

Mu da ke Kudu muna da ƙungiyoyi: na 'yan kasuwa, na direbobi, na ɗalibai, na 'yan jiha, ga fadojin sarakunan Hausawa a kusan kowane gari. Makarantun Islamiyya da na boko da ke unguwanninmu za su iya sa labarin Kanta cikin abin da ake koya wa yara, ko da sau ɗaya ne a zango. Ƙungiyar da ke shirya tafiya gida da hutun ƙarshen shekara za ta iya ƙara kwana ɗaya don Argungu. 'Yan Sakkwato da Kebbi da ke cikinmu kuwa suna da wakilai a majalisa da za su iya tambaya: ina aka kwana a kan takardar da aka kai UNESCO tun 2007, kuma wa ke gadin ganuwar yau?

Kafin nan, abu mafi sauƙi yana hannun kowane uba da kowace uwa. In mota ta wuce Kaboji ta doshi Kontagora, yara sun gaji sun fara tambayar saura nawa a isa, lokacin ne za a ce musu: ku saurara, a gaban nan akwai wani birni da aka gina da dutse, mai shi sunansa Kanta.